Ousmane Ɗan Kabu-Kabu Ya Faɗi Jarrabawar Babur

Duk wanda ya sauka a filin jirgin Dulles da safe, ya shiga farar bas ɗin da ke kai baƙi wani otel a Sterling, wataƙila Ousmane ne ya tuƙa shi. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, kuma yana tuƙi kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki, ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba. Abin da fasinjojinsa ba su sani ba shi ne, kafin ya zo Amurka wannan bawan Allah ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi, kuma ba ƙarami ba.

Bagobiri ne, a Tibiri aka haife shi. Ya fara da facin kekuna a bakin kasuwa, da babura suka cika gari sai ya koma haya da babur. Shekara goma sha uku ya yi a kai. Ya ɗauki mata biyu da buhun gero a tafiya ɗaya. Ya ɗauki ragon layya a zaune a gabansa kamar mutum. Ya taɓa kai firiji har Madarumfa bai kwarzane ba. Yana da hular kwano a lokacin, amma a hannun babur take rataye, cikinta yake ajiye goro da tsumman goge kujera.

A shekarar 2009 ya ci cacar biza, ya taho da matarsa Fatouma da 'yarsu Umaima tana ƙarama. Shi ya kama tuƙin bas, Fatouma ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Suka yi ta aiki, yarinya ta girma ta tafi karatu Richmond, gida ya yi shiru. Duk tsawon shekarun nan Ousmane bai taɓa ɗora ƙafa a kan babur ba.

Sai wata safiya a watan Afrilu, yana tsaye a danja da bas cike da baƙi, wasu masu babura su takwas suka jeru kusa da shi. Da aka ba da hannu suka tashi gaba ɗaya da ƙara. Ousmane ya duba hannunsa na dama, ya ga yana murɗa sitiyarin bas kamar totur. Na bayansa sai da suka yi masa ham kafin ya tuna yana bakin aiki.

Da ya koma otel ya nemi Jerome, mutumin Kafanchan da ke gyaran famfo da lantarki a wurin. Su biyu kaɗai ke jin Hausa a ma'aikatan, kuma Jerome ya daɗe yana hawa babur a ƙasar.

"Jerome, moto zan saya," in ji Ousmane.

"Madalla. Kana da M a lasisinka, Malam Ousmane?"

"M na mi?"

"Na babur. Lasisin mota ba ya isa. Sai an ƙara maka harafin M. Akwai kwas na kwana biyu, Asabar da Lahadi. In ka ci jarrabawarsu, ka kai takardar ofishin lasisi su buga maka. Kuma a nan Virginia hular kwano dole ce."

Ousmane ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Ni za a koya wa moto? Jerome, ni da na ɗauki firiji?"

"Firijin ba shi da M shi ma," in ji Jerome. "Je ka yi rajista."

Don tsabar tabbacin zai ci, tun kafin ranar kwas ya je Herndon ya sayi wani jan babur na hannu, madaidaici, mai kyau. Jerome ne ya tuƙo masa shi gida, aka kafe shi a ƙofa. Kullum da yamma Ousmane sai ya fito ya goge shi, ya zauna a kai, ya sauka.

Fatouma ta yi kwana biyu tana kallonsa ta taga. A rana ta uku, suna cin tuwo, ta ce, "Baban Umaima, ni ma na yi rajista."

"Ta mi?"

"Ta kwas ɗinku. In a bayanka za ka riƙa ɗora ni, gara in san inda birki yake. In jiri ya ɗauke ka a hanya, wa zai maido mu gida?"

"Ke da ko keke ba ki hau ba tun kina budurwa?"

"Shi ya sa za a koya mini."

Ya ce to, ba laifi, in ta makale shi ma zai riƙa nuna mata.

A filin ajiye motoci na wata kwaleji aka yi kwas ɗin. Ɗalibai goma sha biyu, ƙananan babura goma sha biyu, da robobin alama ruwan lemo an jera su ko'ina. Malamarsu wata gajeriyar dattijuwa ce mai suna Olive, wadda ta yi ritaya daga gidan waya, da usur rataye a wuya. Ousmane ya so zuwa da silifa, Fatouma ce ta karanta saƙon makarantar, ta saka masa takalmin da ya rufe idon sawu da safar hannu a cikin mota. Ita kuma ta sa wando da doguwar riga mai hannu, ta ɗaura ɗan ƙaramin kallabi yadda hular za ta zauna.

Tun kafin a tada inji Olive ta tsaya a gabansa. Ya ɗora hular kwano a ƙeya kamar hular zanna, igiyar tana lilo. Olive ta yi ɗage ta jawo hular gaba, ta ɗaure masa a haɓa kamar ɗan da za a kai makaranta. Fatouma ta juya fuska gefe, kafaɗunta suna rawa.

Da aka fara tafiya kowa ya ga mutumin ya iya. Babur ɗin yana bin sa kamar akuyar gida. Amma usur ɗin Olive bai huta ba.

"Ousmane," ta ce da Turanci, "me ya sa kake zaune a kan tanki?"

Ya waiwaya. Ashe ya matsa gaba can, ya bar wa fasinja biyu wuri a baya.

"Ousmane, wa kake yi wa ham?"

Robar alama yake yi wa, saboda ta tsaya masa a hanya.

"Ousmane, ƙafarka! Me take yi a ƙasa a cikin kwana?"

Ya yi mata bayani cewa a garinsu kowace kwana akwai rairayi, wanda bai sauke ƙafa ba sai ya sha ƙasa. Olive ta dubi kwaltar filin, wadda ko ƙwayar yashi babu, ta dube shi.

Babbar rigimar ita ce ta birkin gaba. A Maraɗi duk ɗan kabu-kabu ya san birkin gaba shi ke wurgar da mutum, wasu ma kwance igiyarsa suke yi. Olive kuwa ta ce yawancin ƙarfin tsayawa a nan yake, a matsa shi a hankali tare da na baya. Ousmane ya ce to. Hannunsa ya ƙi. Da zarar an ce tsaya, sai ƙafar dama ta danna na baya, tayar ta yi kuka, hannun yana kwance bai san ana yi ba.

Fatouma fa? Ranar Asabar inji ya mutu mata sau shida. Sau ɗaya ta kwanta da babur ɗin a hankali, kamar mai shimfiɗa tabarma, ta tashi tana dariya. Amma ba ta zo da komai a kanta ba. An ce ta kalli inda take son zuwa, ta kalla. An ce birki biyu, ta matsa biyu. Kafin azahar ɗin Lahadi tana zagaya robobin nan tana waƙa a cikin hula.

Da la'asar aka yi jarrabawa. Ousmane ya juya a cikin ɗan akwatin da aka zana, juyi mai kyau, amma ƙafa ta taɓa ƙasa sau biyu. A kwana ya shiga da gudu fiye da yadda aka ce. A tsayawar gaggawa tayar baya ta ja baƙin layi a kwalta, ya wuce inda ya kamata ya tsaya da kusan tsawon babur. Olive ta kira shi gefe.

"Ban taɓa ganin mai daidaito a kan babur kamarka ba," in ji ta. "Kuma ka faɗi. Ka dawo bayan mako uku ka sake."

Sannan ta juya ta miƙa wa Fatouma takardarta.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Fatouma ta ɗora takardar a cinya, ta danne ta da hannu biyu, tana kallon waje da gaske kamar ba ta taɓa ganin itatuwa ba. Ta daure har danja ta farko. A ta biyu wani ɗan sauti ya kuɓuce mata ta hanci.

"Yi abinki, Fatou," in ji Ousmane. "Kada ki shaƙe."

Ta kuwa saki. Ta yi dariya har hawaye, tana cewa, "Robar, Baban Umaima! Robar ka yi wa ham!" Ya daure, ya daure, sai shi ma ta ƙwace masa. Dole ya shiga wani gidan mai ya tsaya, su biyu suna dukan kujera, mai wanke gilashi a motar kusa yana leƙensu.

Kafin Juma'a labari ya gama masallaci. Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne Moussa, wani Bazabarme ɗan Dosso mai shago a Annandale. Tun da Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, Moussa bai ga dalilin ragawa ba. Ya bugo waya.

"Bagobiri, an ce madam ce ke da permi yanzu, ita ta ci lasisin moto? Alhamdulillahi. Ranar Asabar sunan jikana. Ka roƙe ta ta goyo ka, mu ga shigowarku."

Wannan magana ta hana Ousmane sukuni. Jan babur yana ƙofa, Fatouma ta je an buga mata M, kullum bayan aiki tana zagaya unguwa da shi, maƙwabta suna ɗaga mata hannu. Shi kuwa sai goge ƙura.

Jerome ne ya kawo mafita ba da niyya ba. Tun da gwiwa ta fara damunsa ya sayar da babur ɗinsa ya sayi wata aba mai ƙafa uku, biyu a gaba, ɗaya a baya. Tana da sitiyari da kujeru biyu da bel kamar mota, amma ba rufi, ba ƙofa, kuma a ƙasa take ƙwarai har mutum ya ga kamar a kwalta yake zaune. Launinta ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Da Ousmane ya fara ganinta cewa ya yi adaidaita ce aka juya gabanta ya koma baya.

"Wannan ba ta son M," in ji Jerome. "Lasisin mota ya isa."

Ousmane ya tsaya cak. "Sake faɗi."

Ranar Asabar Jerome yana da taro a coci, don haka ya bar masa makulli, ya kuma turo saƙo cewa hular kwano tana kan firijin gareji, kada ya manta da ita. Ousmane ya zo cikin babbar riga ta farar shadda da sabuwar hula mai aiki. Ya dubi hular kwano, ya dubi tasa. Ya yi lissafi a ransa: abu mai sitiyari, mai bel, wanda ba ya son M, ai mota ne. Wa ya taɓa sa hular kwano a mota? Ya bar ta a kan firiji. Shirin shi ne ya riga isa, Fatouma ta biyo baya da mota da kulolin abinci.

Minti biyar na farko a titin Route 7 sun fi komai daɗi. Iska tana dukan fuskarsa, inji yana gurnani, yara a bayan motoci suna nuna shi. Ya ji kamar an cire masa shekara ashirin. Har kirari ya fara yi wa kansa da ƙarfi. Sai iska ta shiga hannun riga ta dama, ta shiga ta hagu, rigar ta kumbura ta tashi sama kamar tantin biki. Yana kokawa da ita da hannu ɗaya, hular ta ce ga garinku. Ya hango ta a madubi tana birgima, wata babbar mota ta bi ta kai. Da ya sake duba madubin, shuɗiyar wuta ce ke walƙiya.

Ya shiga gidan mai ya tsaya. Ɗan sandan wani mai jiki ne mai sanyin magana. Ya karɓi lasisi ya duba.

"Lasisinka daidai ne. Ina hular kwanonka?"

Ousmane ya gyara riga, ya jero hujjojinsa: ga sitiyari, ga bel, kuma ba a neman M.

"Ta wajen lasisi ka yi gaskiya," in ji ɗan sandan. "Ta wajen hula kuwa, wanda aka ɗauke wa shi ne mai rufi na dindindin da gilashin gaba da jiki a rufe. Ina rufinka?"

Ousmane ya ɗaga kai. Sama ce tangaran, da wani jirgi yana gangarawa Dulles.

Ɗan sandan ya je motarsa ya dawo. Ya ce ya duba, shekara goma sha huɗu babu laifi ko ɗaya, saboda haka gargaɗi kawai zai ba shi. Amma abar nan ba za ta motsa daga nan ba sai da hula a kansa.

Ousmane ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya buga.

"Fatou, kin fito?"

"Ina zuba miya. Lafiya?"

"Lafiya lau. In za ki taho, ki biyo da hulata ta kwano. Ina gidan mai na kusa da shagon kafet."

"To," in ji ta, da wata murya da bai yarda da ita ba.

Yana zaune yana jiran farar motarsu, sai ya ji ƙarar da ya sani. Jan babur ne ya shigo gidan man, ya sa sigina, ya zagayo a tsanake, ya tsaya daidai gabansa da birki biyu. Fatouma ta ɗaga gilashin hularta. Abincin ta bai wa maƙwabciya ta tafi da shi, ita kuma ta goyo hularsa a jakar baya, da kayan bikinta a ninke. Ɗan sandan yana fitowa daga shago da kofin kofi a hannu. Ba wanda ya tambaye ta, amma ta zaro lasisinta ta nuna masa, yatsanta a kan M. Mutumin ya ɗaga mata kofin yana murmushi.

"Sa hularka, Baban Umaima," ta ce. "Ka ɗaure igiyar. Ka cusa rigar a ƙarƙashin bel. Ni ce gaba, kuma ba za mu hau babban titi ba, ta Gallows Road za mu bi."

Haka suka shiga Annandale. Mutane suna zaune a kan kujeru a farfajiyar gidan Moussa, aka ga babur ya shigo, a bayansa wata aba ruwan ɗorawa, cikinta wani mutum da babbar riga da kan ɗan sama jannati. Da Fatouma ta cire hula mata suka gane ta, guɗa ta tashi ta ko'ina. Suka kewaye ta, wannan tana taɓa babur, waccan tana tambayar ranar kwas na gaba. Ousmane ya yi ta fama kafin ya fito daga kujerar, don ta yi ƙasa da yawa. Ya cire hular kwano, sanƙonsa yana sheƙi da gumi.

Moussa ya zauna a ƙasa don dariya. "Bagobiri, har rakiya aka yi maka! Ina hularka?"

"Tana Route 7, ta riga mu gidan gaskiya."

Moussa ya cire tasa ya kafa masa. "Riƙe wannan, kada a ce taubashina ya ci sunan jikana da kai a buɗe." Ranar an fi ɗaukar hoto da abar Jerome fiye da jaririn, har liman sai da ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari.

Litinin Ousmane ya je ofishin lasisi ya karɓi na ɗan koyo. Sharaɗinsa shi ne ba ya hawa sai ƙarƙashin kulawar babba mai lasisin babur. Ya karanta wannan layi sau biyu, ya kai wa Fatouma ta karanta, ta ce ta ji, kuma ta karɓi aikin. Kwana goma suna zuwa wani fili bayan la'asar. Ta jera gwangwanayen tumatir a madadin robobi, ta samo usur a makarantarsu. In ya sauke ƙafa, usur. In ya manta birkin gaba, usur. Ya yi fushi sau biyu, ya ce zai koma bas ɗinsa ya huta. A rana ta shida ta ce tsaya, yatsunsa suka matsa da kansu, babur ya tsaya cak a inda bai taɓa zaton babur zai iya tsayawa ba. Ya dubi yatsun nasa.

"Shekara goma sha uku," ya ce a hankali. "Ashe da rabin birki na yi ta yawo da mutane."

Da ya koma wurin Olive bai rasa maki ko ɗaya ba. Ta rungume Fatouma, shi kuma ta ba shi hannu da takarda.

Yanzu M biyu ne a gidan, babur ɗaya, kuma ba a gama shawarar wa ke da shi ranar Lahadi ba. Fitarsu ta farko tare, wata gona suka je bayan Leesburg sayen 'ya'yan itace. Shi ya tuƙa zuwa. Da za su dawo Fatouma ta miƙa hannu, ya ba ta makulli ya hau baya, ledar tumatir da 'ya'yan itacen fic a tsakaninsu. Da farko ya ƙame, yana ba da umarni ta cikin hula. Can sai ya daina, don ya fara ganin dawakai a bayan shinge, da jajayen rumbuna, da tuddai shuɗaye daga nesa.

"Fatou, rage gudu," ya yi ihu. "Dubi shanun can! Ko makiyayi babu!"

Ta rage, ya ƙirga su har ashirin da bakwai. Da suka iso Sterling suka tarar kayan ledar sun matse sun zama ruwa, gaban rigarsa da bayan tata duk sun jiƙe. Fatouma ta ce ba komai, dama miya za ta yi. Suka shiga gida suna gardamar wanda ya matse su.